Jiri idan an waiwaya da gadar ƙashi a wuya: wane hoto ne zai nuna mai laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 41, direban motar haya ne ni. Wata biyar ke nan, duk lokacin da na waiwaya dama sosai, kamar wajen sallame salla ko yin ribas, sai jiri ya ɗebe ni, idona ya yi duhu. Da na dawo da kaina daidai sai ya wuce. An yi mini eksire na wuya, aka rubuta cewa akwai wata gadar ƙashi a kan ƙashin wuya na farko, a inda jijiyar jini ke wucewa. Likita ya ce in yi hoton CT da allurar rini, kuma kuɗin da yawa. Yayana ya ce in je wajen mai ɗori ya murɗa wuyan ya koma daidai. Gadar ce ke kawo jirin? CT ɗin ya zama dole?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Karanta hotunan asibiti shi ne aikina, don haka zan yi maka bayanin da zai sa ka koma wajen likitanka kana sane da abin da ake nema a wuyanka. Hukuncin ƙarshe na wanda ya duba ka ne.

Kafin komai, kada ka bari kowa ya murɗa maka wuya. Ba mai ɗori ba, ba mai tausa ba, ba mai askin da ke murɗa wa mutum wuya bayan ya gama aski ba. Yayanka alheri yake nufi, amma wuyan da ke sa mai shi ganin duhu idan ya juya ba wurin gwaji ba ne, kuma za ka ga dalili nan gaba. Sannan ka dakata da tuƙi har a gano abin. Na san da shi kake ci da iyali, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi, amma daƙiƙa uku na duhun ido a kan titi da fasinja a mota sun isa.

Game da gadar, mai yiwuwa ba ita ce mai laifi ba. Labarin da ka bayar ya fi takardar eksire ɗaukar hankalina. Likitanka ya yi daidai da ya nemi CT, sai dai akwai yadda za a ɗauke shi ya amsa tambayarka, akwai kuma yadda za a ɗauke shi ka biya kuɗi a ce ba a ga komai ba alhali abin yana nan.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne, ana ƙirga su daga sama, C1 zuwa C7. Na farko zobe ne kawai, shi ke ɗauke da ƙoƙon kai. Na biyu, C2, yana da wani tsinin ƙashi da ya miƙe sama ya shige cikin zoben, kuma a jikinsa zoben ke juyawa. Kusan rabin duk waiwayen da mutum ke yi tsakanin waɗannan biyun yake faruwa, wajen digiri 40 zuwa kowane ɓangare. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa huɗu ne: biyu a gaba, waɗanda ake jin bugunsu a gefen maƙogwaro, biyu a baya. Na bayan su ne zancenmu. Kowacce tana tasowa daga babbar jijiyar da ke kai jini hannu, ta shiga wani rami a gefen C6 a yawancin mutane, ta yi ta hawa ta cikin ramukan ƙasusuwan har C1. Daga nan ta sha kwana ta kwanta cikin wani ɗan kwari a bayan zoben, sannan ta shiga ƙoƙon kai ta haɗu da 'yar'uwarta su zama jijiya guda. Wannan jijiyar ce ke ciyar da gindin ƙwaƙwalwa, da ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai kula da daidaiton tsayuwa da tafiya, da sashen gani, da kunnen ciki. Idan jininta ya ragu, jiri da duhun ido da ƙarar kunne da sumewa ne ke fara bayyana.

A wasu mutane ƙashi yana rufe wancan ɗan kwarin ta sama, sai jijiyar ta zama tana bi ta cikin rami. Ita ce gadar da aka rubuta maka. Ana yawan kiran ta gadar Kimmerle, da sunan likitan da ya yi bayaninta a 1930. Ba abu ne da ba a saba gani ba. Wani nazari na 2014 da ya tattara sakamakon bincike masu yawa ya nuna kusan mutum 1 cikin 6 na da ita, cikakkiya ko rabi, cikakkiyar kuma wajen 9 cikin 100. A mota mai cin mutum 18, ba mamaki uku na ɗauke da ita, kuma za su tsufa ba su sani ba. An yi rubuce-rubuce da ke danganta ta da ciwon kai da jiri, amma mafi yawan masu ita lafiyarsu ƙalau, saboda ramin yakan wadaci jijiyar. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ganin ta a hoto a ɗora mata duk wani ciwo, a daina bincike. Kasancewarta a wurin bai tabbatar ita ke matse jijiyar ba. Sai an ga matsin da ido.

Inda gadar ke da hatsari na haƙiƙa shi ne ɗakin tiyata. Tun bayan aikin Goel da Laheri a Indiya a 1994, da na Harms da Melcher a Jamus a 2001, ana ɗaure C1 da C2 ta hanyar sa musu sukuru ta baya. Idan likitan tiyata bai san da gadar ba, zai iya ɗaukar ta a matsayin ƙashi mai kauri, ya huda ta, ya shiga jijiyar da ke kwance a ƙarƙashinta. Don haka ka adana takardar nan. Ko bayan shekara ashirin aka ce za a yi maka aiki a wuya, ka nuna ta.

Abin da labarinka ke sa likita tunani kuwa wani ciwo ne da ba a cika samun sa ba, wanda ake kira ciwon maharbi. A 1978 wani likita a Amurka mai suna Sorensen ya ba da rahoton wani mutum da jini ya yanke wa a gindin ƙwaƙwalwa yana cikin koyon harbi da baka, kansa a juye gefe guda. Abin da ke faruwa shi ne juyawar wuya tana lanƙwasa jijiyar bayan ko ta matse ta, kamar tiyon ban ruwa da aka karya wa kwana, ruwa ya tsaya, da an miƙe shi ya ci gaba da gudu. Idan matsin a tsakanin C1 da C2 yake, waiwayen dama jijiyar hagu yake ja ya matse. Idan a ƙasa ne, wajen C5 ko C6, inda tsufa da aikin ƙarfi ke sa ƙashi ya yi tsiro, galibi ta ɓangaren da aka juya ce ke matsuwa. Ga mutane da yawa jijiya ɗaya takan ɗan tsuke idan sun waiwaya sosai, ba sa jin komai domin ɗayar ta ɗauke nauyin. Amma jijiyoyin biyu ba kasafai suke zama daidai ba. Ta hagu ta fi yawan zama babba. Matsala na tasowa idan babbar ce ke matsuwa, ɗayar kuma siririya ce tun haihuwa, ko ta toshe, ko ta ƙare a hanya ba ta kai mahaɗar ba. Saboda haka hoton da ya duba jijiya ɗaya ya bar ɗayar bai gama aiki ba. Akwai kuma hatsari na biyu: jijiyar da ke shan matsi kullum bangonta na iya rauni, gudan jini ya taru, ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa.

Duk da haka ba da wannan ake farawa ba. Abin da ya fi kawo jiri idan an motsa kai yana cikin kunne ne. Akwai wasu ƙananan tsakuwoyi a kunnen ciki da kan ɓalle daga mazauninsu su shiga inda ba nasu ba. Ka lura da kanka a salla: a ruku'u da sujada jirin ke zuwa, ko a sallama kaɗai? Na kunne yana zuwa ne idan kai ya sunkuya, ko ya ɗaga sama, ko mutum ya kwanta, ko ya juya a kan gado. Ɗaki ya yi ta juyawa, kafin minti ɗaya ya lafa ko da kan na nan a inda yake. Na jijiya yana zuwa mutum na zaune a miƙe, wuya kawai ya juya, yana nan muddin kan na juye, ya tafi da an dawo da shi. Na kunne ana gano shi a kan gadon duba marasa lafiya da wani gwaji mai suna Dix-Hallpike, a gyara shi da juyin Epley, ba hoto ba allura. Likita ne zai yi, kuma ka faɗa masa batun duhun ido kafin ya fara, don ya bi a hankali. A auna jininka a kwance da a tsaye, a duba sukari, a ɗauki hoton bugun zuciya, a tambayi magungunan da kake sha, musamman na hawan jini. Waɗannan ba su da tsada, kuma bai kamata a tsallake su ba.

Eksire ƙashi kawai yake nunawa. Jijiyar jini ba ta fitowa a cikinsa ko kaɗan. Hoton gefe yana ɗora dama a kan hagu, shi ya sa sau da yawa ba a iya cewa gadar a wane ɓangare take, kuma idan kai ya ɗan karkace lokacin ɗauka, inuwar ƙasusuwa kan yi kama da gada. Amfaninsa babba shi ne nuna ko ƙasusuwan na zamewa. Ana ɗaukar ɗaya baki a buɗe don a ga tsinin C2, sai biyu daga gefe, ɗaya kai a sunkuye ɗaya a ɗage. Mara lafiya ne ke motsa kansa da kansa, iya inda ya ji daɗi, ba a danna masa, kuma ba a yin wannan ga wanda bai daɗe da yin hatsari ba. Muna auna tazarar da ke tsakanin gaban zoben C1 da tsinin. Ga babba bai kamata ta wuce milimita 3 ba, ga yaro milimita 5. Idan ta wuce, zoben na zamewa, kuma laka da jijiyoyin jinin duka suna cikin hatsari. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kawo haka shi ne tsinin ya zama a rabe da jikin C2, ya zauna shi kaɗai da gefuna masu santsi, abin da Giacomini ya fara bayyanawa a 1886. Santsin gefunan ne ke raba shi da sabuwar karaya. Mai irin wannan yana iya kaiwa shekara arba'in bai sani ba, sai ranar da aka murɗa masa wuya.

Hoton sauti na Dofla yana da araha, ba shi da illa, kuma ana iya yin sa mutum na juya kai. Ana kallon gudun jinin kai a miƙe, a ce ya waiwaya a hankali, a ga ko gudun ya faɗi daidai lokacin da jirin ya zo. Akwai nau'insa da ake ɗorawa a jikin ƙoƙon kai, wanda iyayen yara masu sikila a Kano suka sani, domin ana amfani da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano wajen gano yaran da ke cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki. Rauninsa shi ne ƙashi na tare sautin, kuma sakamakon ya dogara ƙwarai ga hannun mai yi. Idan ya nuna faɗuwar gudun jini, hujja ce mai kyau. Idan bai nuna ba, bai wanke jijiyar ba.

CT mai allurar rini shi ne hoton da ke nuna ƙashi da jijiya tare, a wuri guda, kuma babu wanda ya kai shi a wannan. Ana yanka hoton siriri-siriri, milimita ɗaya ko ƙasa da haka, daga saman ƙirji inda jijiyoyin ke tasowa har cikin kai, sannan kwamfuta ta harhaɗa shi yadda za mu juya shi ta kowace fuska. Idan irin naka ya zo gabana, nakan bi kowace jijiya tun daga tushe. A wane ƙashi ta shiga? Wacce ce babba? Ƙaramar ta kai mahaɗa? Gadar cikakkiya ce ko rabi, dama ko hagu, kuma jijiyar ta tsuke a cikinta ko tana da sarari? Akwai tsiron ƙashi da ke taɓa ta a ƙasa? Bangonta sumul yake ko akwai alamar tsagewa?

Ga inda gizo ke saƙar. CT na yau da kullum ana ɗaukar sa ne mutum na kwance, kai a miƙe, a ɗaure don kada ya motsa. Kai kuma ka faɗa da bakinka cewa idan kanka na miƙe lafiyarka ƙalau. Ke nan za a ɗauki hoton jijiyar a daidai lokacin da take buɗe, a rubuta cewa jini na gudu yadda ya kamata, kuma wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba. Ciwon da ke zuwa da juyi sai an ɗauke shi a juye. Abin da ake buƙata shi ne zagaye biyu: ɗaya kai a miƙe, ɗaya kai a juye dama zuwa inda jirin ke farawa, kai da kanka za ka juya, likita na kusa, kuma da an gama ka dawo da kan. Wannan sai an shirya shi tun kafin ka hau na'urar, domin yana ƙara yawan rini da yawan hasken da zai ratsa ka. Mai ɗaukar hoto abin da aka rubuta masa yake bi. Idan takardar ta ce "jiri" kawai, hoton jiri kawai za a yi. Ka roƙi likitanka ya rubuta cewa jirin da duhun ido na zuwa idan an juya kai dama, suna tafiya idan an dawo, kuma ana neman a duba jijiyoyin baya a miƙe da a juye. Ya fi kyau ma ya yi magana da likitan hoto ta waya. Kafin ka biya, ka tambayi wurin ko suna yin hakan kuma ko akwai likita a lokacin ɗauka. Idan ba sa yi, gara ka kai kuɗinka wani wuri.

Kada hasken na'urar ya tsorata ka, ko da yake ba a raina shi. A matsakaici ɗan Adam na shan kimanin milisibat (ma'aunin irin wannan haske) 2 zuwa 3 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama. Zagaye ɗaya na CT irin wannan kwatankwacin na shekara biyu ne ko makamancin haka. Ga mai shekara 41 da irin alamunka, amfanin ya rinjayi illar nesa ba kusa ba. Ga yaro ko mai ciki lissafin daban ne. Rinin na ɗauke da aidin kuma ta ƙoda yake fita, saboda haka a gwada ƙodarka tukuna. Ka faɗa idan kana da asma, ko allurar rini ta taɓa yi maka illa, ko kana shan metformin na ciwon sukari. Lokacin allurar za ka ji zafi ya ratsa jikinka, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ka ji kamar fitsari ya kubce maka. Ba komai ba ne, yana wucewa nan take.

MRI, hoton da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, tambayarsa daban. Shi ke nuna ƙwaƙwalwa da laka da bangon jijiya. Yana gano ƙaramin wurin da jini ya yanke wa a ƙeya, sabo ko tsoho, wanda mai shi bai ma san ya faru ba, kuma ganin haka na sauya gaggawar lamarin baki ɗaya. Idan bangon jijiya ya tsage jini ya kwanta a cikinsa, yana fitowa a wani salon ɗauka da siffar jinjirin wata. Ana iya ɗaukar jijiyoyin ba tare da allura ba, abin da ke da amfani ga mai ciwon ƙoda, sai dai inda jini ke gudu a hankali kan fito tamkar ya toshe. Bai kai CT nuna ƙashi ba, kuma abin da ake kifa wa kai a cikin na'urar ba ya barin a waiwaya sosai. Mai na'urar bugun zuciya, ko mai walda da ɓurɓushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa, dole ya faɗa kafin ya shiga.

Alƙalin ƙarshe shi ne hoton jijiya ta bututu. Egas Moniz ya fara ɗaukar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da rini a Lisbon a 1927, Seldinger na Suwidin kuma ya kawo hanyar zura siririn bututu ta fata a 1953. Ana shiga ta matsematsi ko ta wuyan hannu, a kai bututun bakin jijiyar, a zuba rini ana kallo kai tsaye, mutum ya juya kansa a ga jinin ya tsaya, a ga daidai wurin da ya tsaya, a ga ko ɗayar jijiyar ta kawo ɗauki. Yana da ɗan hatsarin jawo shanyewar ɓarin jiki, ƙasa da 1 cikin 100 a hannun ƙwararru, kuma wuraren da ke yin sa ba su da yawa. Ana ajiye shi ga wanda sauran hotuna suka nuna alama kuma ana tunanin tiyata.

Idan kuɗin hoto ɗaya gare ka, a ganina CT mai rini da aka shirya a miƙe da a juye ya fi dacewa da labarinka, bayan an gama gwajin kunne da na jini da na zuciya. Idan kuwa ka taɓa ganin abu biyu-biyu, ko harshenka ya yi nauyi, ko ka yi tangaɗi bayan ka dawo da kan, MRI na ƙwaƙwalwa ya shigo sahun gaba.

CT na iya tono wasu abubuwan da za a rubuta maka, kada su firgita ka. Wani jijiyarsa na hawa sama sosai cikin C2 har ƙashin ya yi siriri, wani tana bi ta ƙarƙashin C1 ta shiga ramin laka, wani ta rabu biyu ta sake haɗuwa. Waɗannan halitta ce, likitan tiyata suka fi shafa. Wani C1 ɗinsa manne yake da ƙoƙon kai, tsinin C2 ya tura sama, muna auna shi da layukan da ake ja a gindin ƙoƙon, irin layin Chamberlain. Wani ƙasusuwa biyu ko fiye ne a haɗe tun haihuwa, abin da Klippel da Feil suka bayyana a Faransa a 1912. Ana ƙiyasta cikakken ciwon a haihuwa 1 cikin kusan 40,000, kuma gajeren wuya da saukowar gashin ƙeya da ƙarancin juyi ba sa haɗuwa duka a fiye da rabin masu shi. Wanda aka samu da wannan a duba masa ƙoda da zuciya da ji, domin sukan zo tare. Akwai ƙarin haƙarƙari da ke fitowa daga C7 ya matse jijiyar hannu, akwai kuma wani siririn ƙashi a ƙasan kunne da idan ya wuce santimita 3 kan taɓa jijiyar gaba, wanda Eagle ya yi bayani a 1937. A wurarenmu kuma ba na mantawa da tarin fuka na ƙashi. Ciwon wuya mai tsanani da zazzaɓin dare da rama na iya zama shi ne ke cin C1 da C2, kuma magani na warkar da shi idan an gano da wuri.

Dalilin da na hana ka mai ɗori ke nan. Idan ƙasusuwan na zamewa, murɗa ɗaya na iya danne laka, hannu da ƙafa su mutu, har numfashi ya tsaya. Idan jijiya ce ke matsuwa, murɗar na iya tsaga bangonta, kuma tsagewar jijiyar wuya na cikin manyan abubuwan da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ga waɗanda ba su kai shekara 50 ba. Babu hannun da ke iya gane waɗannan ta shafawa, komai gwanintarsa. Ita gadar kuma ƙashi ce da ta ginu, ba gocewa ba ce balle a mayar da ita.

Idan aka tabbatar jijiya na matsuwa, hanyoyin sun haɗa da kiyaye juyi da sa kwalar wuya da maganin hana jini daskarewa, ko tiyatar cire abin da ke matsin, ko ɗaure C1 da C2. Ɗaurewar na cinye kusan rabin waiwayen mutum har abada, kuma ka san me wannan ke nufi ga direba. Saboda haka kada ka yarda a yi maka tiyata a kan eksire kaɗai, sai an nuna maka hoton da jijiyar ta matsu a ciki, a daidai juyin da ke kawo maka jirin. Kada kuma ka fara shan asfirin da kanka kafin likita ya ce.

Kafin ranar hoton, ka taƙaita waiwayenka, ka juya da jikinka gaba ɗaya idan za ka kalli gefe. Idan ka ji ciwo mai tsanani kwatsam a ƙeya ko gefen wuya, ko ka ga abu biyu-biyu, ko magana ta sarƙe, ko haɗiya ta gagara, ko rabin fuska ya yi sanyi, ko tafiya ta koma tangaɗi, ko jirin ya ƙi tafiya bayan ka miƙe kai, a kai ka babban asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Allurar narkar da gudan jini galibi a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta.

Bayan an ɗauka, kada ka karɓi takardar sakamako kaɗai ko 'yan hotunan da aka buga a fim. Ka nemi a sa maka dukkan hoton a faifai ko filashi, ka tabbatar yana buɗewa kafin ka bar wurin. Hoton wayar da aka ɗauka daga allon kwamfuta ba ya aunuwa, kuma milimita ɗaya ko biyu ake magana a nan. Da faifan, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ko wani likitan hoto zai iya sake dubawa ba tare da an sake yi maka allura ko ka sake biya ba. Ka haɗa da eksire na farko da sakamakon gwajin ƙoda a jaka ɗaya ka riƙa zuwa da su. Allah ya ƙara sauƙi.